An canza batir, an canza kik, ashe waya ce ta ruɓe

Mota Golf ce aka turo min gareji a Tudun Wada ta Kaduna, mai ita yana haya da ita tsakanin Kawo da Kasuwa. Ka murɗa makulli, ka ji "ƙas" sau ɗaya, shiru. Wata rana kuma ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Kafin ta iso hannuna an sa shi ya sayi sabon batir, an kuma ɗaura masa kik, wato na'urar tayar da inji, ɗan Beljiyam daga kasuwar Panteka. Abin da ke ci min rai har yau shi ne ba wanda ya ɗora mitar auna wuta a kan motar kafin a tura bawan Allah kasuwa.

Batir a zaune ya nuna volt 12.6, cike yake. Na ce, "Malam, murɗa ka riƙe." Mita ta sauka zuwa 12.1 kawai, fitilun dashbod ko dushewa ba su yi ba. Nan maganar batir ta ƙare. Batirin da ya gaji zubewa yake yi ƙasa da 9.6 da zarar kik ya ja shi. Wannan kuwa ba a ma ja shi ba, wato wutar ce ba ta samun hanyar wucewa.

Sai na bi kebul biyun na batir, ana murɗa makulli ina aunawa. Daga kan fozitif zuwa babban notin kik, asarar volt 0.2 ce, ba laifi. Daga kan nagetif zuwa jikin giya, inda bai kamata ta wuce 0.3 ba, mita ta haura volt 5. Kusan rabin wutar batir a cikin baƙar waya ɗaya take ɓacewa. Na ɗauko kebul ɗin jona batir, na maƙala baki ɗaya a nagetif, ɗayan a jikin inji. Murɗawa ɗaya ta tashi. Mai motar ya dafe kai yana salati.

Ta waje wayar lafiya take, notinta ma a ɗaure tam. Da na yanke robar kusa da bakin da ke kan giya, sai ga koren gari yana zuba, ruwan damina ya shiga ya cinye tagullar, 'yan silalla ne suka rage. Yarona ya ce, "Oga, ai na gwada ta, mita ta yi ƙara." Ai dole ta yi, ƙarar tana nuna wayar ba ta tsinke gaba ɗaya ba ne kawai. Silin waya ɗaya ya isa mita ta yi ƙara, amma kik na injin silinda huɗu yana neman amfiya sama da 100 lokacin tayarwa. Shi ya sa gwajin ƙara ba ya kama irin wannan, dole sai an auna wayar tana ɗauke da lodi. Awon bai kai minti biyar ba, da an yi shi tun farko da kuɗin batir da na kik suna aljihunsa, ga cefanen gida.

Na sa sabuwar waya mai kaurin ta asali, na goge mazauninta da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, na ɗaure, sannan na shafa giris a kai. Da inji ya tashi na kunna fitila, caji ya tsaya a 14.1, altaneta ba ruwanta. Tsohon kik ɗin da ke but ɗin motar na gwada a ƙasa, juyawa yake yi garau. Tsohon batir kuwa mai shago ya karɓe shi tun ranar ciniki, sai haƙuri.

Kada a sallami irin wannan mota ba a duba wayar totur da ta kuloci ba. Idan hanyar nagetif ta toshe, wutar kik takan bi ta cikinsu ta koma batir, su yi zafi. Wayar totur ta wannan motar robarta ta fara narkewa a kusa da inji, totur har ya soma maƙalewa, ita ma na cire ta na sa wata.