Hazon Hunturu Ya Tare Mu a Mindelo

Kwana 7 muka yi a teku daga Las Palmas, a tsibiran Kanari, kafin mu iso Mindelo, birnin da ke tsibirin Sao Vicente a ƙasar Kap Barde, tafiyar mil 850 na teku ko kusa da haka. Mu biyu ne kawai a jirgin, ni da maigidana, muna karɓa-karɓar gadi awa uku-uku dare da rana. Niyyarmu mu kwana uku, mu ɗebi ruwa da mai, mu miƙe zuwa tsibirin Barbados, can ƙetaren tekun Atlantika. Kwana 12 muka yi.

A ranar isowarmu, cikin watan Janairu, na'ura ta ce saura mil biyar mu taɓa tsibirin Sao Vicente, amma ido bai ga komai ba sai fari fat. Ina shafa ƙarfen gefen jirgi sai ga jar ƙura a tafin hannuna. Na ce, "Maigida, wannan ai hazonmu ne na gida." Ya lashi leɓensa da ya tsage, ya ce, "Wallahi kuwa, Hajiya, hunturu ya biyo mu har nan." Iskar da ke kwaso ƙurar Sahara ta rufe Kano, ita ce ke tsallaka teku ta rufe tsibiran Kap Barde, mutanen wurin suna ce mata bruma seca, wato busasshen hazo. Raina ya sosu, don na daɗe ban ji ƙanshin gida ba. Amma hazon ya ɓoye mana Monte Cara, dutsen nan mai siffar fuskar mutum a kwance, wanda matuƙa ke gane mashigar Porto Grande, tashar jiragen ruwan Mindelo, da shi. A hankali muka lallaɓa muka shiga, ina tsaye a goshin jirgi ina zura ido saboda kwale-kwalen masunta.

Maganar takardu ba ta ɗauki lokaci ba. Dalili kuwa, Kap Barde tana cikin ƙungiyar ECOWAS kamar ƙasarmu.

Kuskurena na farko a daren farko na yi shi. Na ɗauka tunda an ɗaure jirgi a gada, hutu ya samu. Ashe iskar arewa maso gabas, idan ta matse tsakanin Sao Vicente da maƙwabcinsa, tsibirin Santo Antao, ƙarfi take ƙarawa, ga kumburin teku da ke shigowa yana fizgar jirgi gaba da baya babu ƙaƙƙautawa. Da asuba na fito alwala na tarar igiya ɗaya ta cinye rabi a inda take gogar ƙarfe. Da ta tsinke, da mun faɗa wa jirgin maƙwabtanmu. Ni na ɗaura ta, ban kuma sake dubawa ba. Wani dattijo Bafaranshe ya nuna mana dabara: a yanka tiyon ba-ruwa a zura igiyar ciki daidai wurin gugar, a ninka igiyoyi, a bar musu ɗan sassauci. Tun daga ranar ba na kwanciya sai na bi kowace igiya da hannu.

Ƙurar ma aiki ta ba mu. Ta lulluɓe sola har batir ya daina cika, ta shiga kurar jan filafili tana ƙara kamar injin niƙa. Ga ruwa da tsada, domin tsibirin busasshe ne, ruwan teku ake tacewa a sha. Da bokiti ɗaya da tsumma muka riƙa wanke abin da a wani wurin sai a saki famfo a kai.

Da muka ga dole sai mun jira hazon ya washe, sai muka shiga jirgin fito zuwa Porto Novo a Santo Antao, tafiyar kamar awa ɗaya. Daga kwarurukan tsibirin nan ake kawo yawancin kayan lambun da ke kasuwar Mindelo. Wata mai kayan gwari ta hana ni sayen tumatirin da ya taɓa shiga firji, ta zaɓo mini ɗanye shar, ta nuna mini da hannu in naɗe kowanne a takarda. Abincinsu cachupa, dafaffen masara da wake, ya yi mini kama da faten gida, sai dai a tambaya kafin a ci, don sau da yawa da naman alade ake yinsa. Na kifi muka riƙa nema.

A rana ta tara maigida ya matsu, ganin jirage biyu sun tashi. Na ce masa gabanmu mil 2,000 ne babu tsibiri ko ɗaya, kuma ɗinkin filafilinmu bai gama ba. Ya yi shiru, ya ɗauko allura.

Ranar da muka kwance igiya sama ta washe, a lokacin ne muka fara ganin fuskar Monte Cara sosai, muna wuce ta. Tumatirin matar nan ya kai mu kwana 14 a teku.