Asabar a gidan Kawu, da kara 12

Yau na wuni a gidan Kawu da ke bayan Yalwa ta Bauchi, a kan hanyar Dass, kuma abin da ya kai ni shi ne wasu bidiyoyi na gasar karnuka da na sauke a waya tun ranar Alhamis. Kawu tsohon mafarauci ne, yana da karnuka huɗu da yake shiga daji da su duk rani, don haka na so in ji ta bakinsa.

Bayan mun gaisa, na fara nuna masa wasan ajiliti, wanda aka soma nunawa a 1978 a bikin karnuka na Crufts a Ingila, aka kuma kwaikwayo tsarinsa daga tsallen dawaki. Kare yakan tsallake shingaye, ya kutsa cikin dogon bututu, ya hau katako mai lilo, sannan ya ratsa tsakanin sanduna 12 yana karkacewa dama da hagu, mai shi kuwa yana gudu a gefensa ba igiya, kuma doka ta hana shi taɓa karen. Sau uku Kawu ya sa na maido bidiyon baya kafin ya yi magana.

"Yaro, kai karen kake kallo, ni kuwa kafaɗar matar nan mai karen nake kallo," in ji shi. "Kafin ta buɗe baki ya riga ya san inda za ta juya."

Abin da ya fi burge shi shi ne saukowa daga katako, inda dole ne karen ya taka wurin da aka shafa wa fenti a ƙarshe, in ba haka ba a rubuta masa laifi. Ya ce gudu kowane kare da shi aka haife shi, amma kame kansa a tsakiyar gudu sai an koya masa, kuma ya tuna mini cewa aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka horar. Ni da na je da niyyar ba shi mamaki, sai na koma mai saurare.

Wasan fulaibol, wanda ya samo asali daga Kalifoniya a Amurka, bai ɗauki hankalinsa ba sosai. Karnuka huɗu ne ke karɓa-karɓa, kowanne ya tsallake shinge huɗu, ya taka akwati ya cafe ƙwallo ya dawo. Ya ce hayaniya ta yi yawa, sai dai ya yi dariya da na ce tsayin shingen da mafi ƙanƙantar kare a ƙungiyar ake auna shi.

Da la'asar ta yi sanyi muka kafa karan dawa 12 a fili don mu gwada Duna, ɗaya daga cikin karnukan Kawu. Na bayyana cewa ƙa'ida ita ce idan zai shiga, karan farko ya kasance a gefen kafaɗarsa ta hagu, amma da na kira shi ko kallona bai yi ba. Kawu ya karɓi guntun ganda, ya ɗan sunkuya, ya yi fito a hankali, Duna ya ratsa kara uku daidai kafin ya banke na huɗu ya karya biyu. Inna tana bakin ƙofa tana cewa girma ya faɗi.

Kawu ya ce kara ba zai yi ba, in zo masa da bututun roba daga kasuwar Muda Lawal ranar Asabar mai zuwa.