Gobara ta ci shago, kamfanin inshora ya biya rabi: ina gizo ke saƙar?

Ɗauki mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Kayansa sun kai naira miliyan 20, amma don kuɗin inshorar da yake biya duk shekara ya zo masa da sauƙi sai ya rubuta miliyan 10 a fom. Wuta ta tashi ta ci kayan miliyan 6. A lissafinsa, tunda 6 ba ta kai 10 ba, za a biya shi cif. Kamfani kuwa miliyan 3 zai miƙa masa, kuma ko kotu aka je da wuya ya yi nasara, domin kusan kowace takardar inshorar gobara tana ɗauke da sharaɗin cewa wanda ya yi wa rabin dukiyarsa inshora, rabin asararsa za a biya. A cikin ukun ma sai an zare ɗan kason da aka yarje tun farko cewa mai kaya ne zai ɗauka a kowace asara.

Tun faɗuwar naira a 2023, har wanda bai rage komai ba yana faɗawa wannan rami. Adadin da ya rubuta gaskiya ne a lokacin, sai farashi ya gudu ya bar shi. Maganin shi ne a gyara adadin a kowace sabuntawa, sannan a sanar da kamfani a rubuce idan an cika shago da kayan sallah.

Inshorar gobara zalla, gobara ce da tsawa da wasu nau'o'in fashewa. Ambaliya irin ta Maiduguri a Satumban 2024, iska mai yaye rufi, tarzoma: duk sai an ƙara su da suna, an ƙara kuɗi. Kayan da ɓata-gari suka wawashe ana tsaka da kashe wuta ba sa ciki, haka tsabar kuɗin da ke cikin durowa. Ɗan haya kuma kayansa zai yi wa inshora, ginin na mai shi ne.

Wajen cike fom ake yawan yin sake. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ɗauki wakilin kamfanin da ya taya ka cike fom a matsayin wakilinka kai, don haka idan ya rubuta "babu" a gurbin ajiye fetur alhali jarkar janareta na bayan kanta, ƙaryar taka ce. Karanta kafin ka sa hannu. Dokar ta kuma kare mai kaya: abin da fom bai tambaya ba, ba a kafa maka hujja da shi, kuma saɓa sharaɗin da bai shafi haɗarin ba bai isa a hana ka haƙƙinka ba. Ita ce ta ce idan ba a biya kuɗi ba babu inshora, amma abin da ka biya dillali mai lasisi tamkar ya shiga hannun kamfani ne, sai ka riƙe rasit. A Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta, don haka lauyanka ya duba wadda ta hau kan takardarka.

Idan ƙaddara ta faɗa, sanar da kamfani a ranar, a rubuce. Ɗauki hotuna, kada ka kwashe toka ko ka sayar da ragowar kaya kafin mai ƙiyasta asara ya zo. Ka tuna kamfani ne ke biyan wannan mutumin. Nemi rahoton 'yan kwana-kwana, ka haɗa da rasitan sari da bayanan banki. Littafin ciniki da ke kwana a shago tare da kaya yake ƙonewa, shi ya sa hotonsa a waya yake da daraja. Takardarka ta yanka wa'adin miƙa cikakken lissafi, kwanaki ne ƙalilan.

Takardar sallama da za a kawo maka tana nufin ka karɓi kuɗin a matsayin biyan ƙarshe. In adadin bai gamsar da kai ba, kada ka sa hannu. Nemi a rubuta maka yadda aka yi lissafin, sannan ka kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a ƙasar nan, kafin wa'adin shigar da ƙara da ke cikin takardar ya wuce. Masu takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, irin na Jaiz Takaful da Noor Takaful, su ma hukumar ce ke sa musu ido, kuma lissafin miliyan 3 ɗin nan bai bar su ba.