Kaka ta ce masa maganin sikila ne

Wata shida na yi ina tattara bayanai a wani binciken lafiya kan yara da matasa masu ɗauke da ƙwayar cutar Sida a nan Maraɗi. Aikina in zauna da mai riƙon yaro in cike takardar tambayoyi. Akwai tambaya ɗaya da ta wahalar da ni: sau nawa yaro ya tsallake magani a wannan watan? Kowa sai ya ce ko sau ɗaya bai tsallake ba. Amma idan sakamakon awon jini ya dawo, sai a ga yawan ƙwayar ya haura 1000 a kowace mililita ta jini, abin da sau da yawa ke nuna ba a shan maganin yadda ya kamata.

Wata tsohuwa daga wajen Madarumfa ce ta buɗe mini ido. Jikanta maraya ne, shekararsa 14. Ranar na ajiye takardar, muka gaisa sosai, na tambaye ta gona da damina. Can sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da kwalbar magani cike fal.

"Ɗiyata, ce masa na yi maganin sikila ne. Yanzu ya ce abokinsa mai sikila ba irin wannan yake sha ba."

"To Inna, me ya hana ki faɗa masa?"

"In ya sani zai tambaye ni abin da ya kashe uwarsa. Kuma kin san bakin yaro, gobe duk gari ya ji."

Ban ga laifinta ba, har yau. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sanar da yara 'yan shekarun makaranta halin da suke ciki, ƙanana kuma a riƙa yi musu bayani kaɗan-kaɗan. Sai dai ba wanda ya taɓa zama da wannan baiwar Allah ya nuna mata ta inda za ta soma.

Daga nan na sauya salo. Nakan fara da cewa kowa yana mantuwa, sannan in tambaya yaushe ne ranar ƙarshe da aka manta. Sai ga amsoshi: magani kyauta ne amma kuɗin mota babu, ko an tafi gona, ko yaro na kunyar sha a gaban baƙi.

Zuwa uku aka yi kafin malamar asibiti ta gama yi wa jikan tsohuwar nan bayanin cutar da yake ɗauke da ita, kakarsa na gefe. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Zan iya yin aure?" Malamar ta ce masa ƙwarai, muddin yana shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina fitowa a awo, ba zai sa wa matarsa ba.