Daren da jirgi ya so ƙwace mini a Abuja

Har yanzu in na tuna daren nan sai gabana ya faɗi. Daga Legas muka taso da jirgin Boeing 737, ni ke tuƙi, Kyaftin na kujerar hagu yana riƙe da rediyo, watan Mayu ne, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas ba sallama. Hasumiyar da ke ba jirage umarni ta ba mu ranwe 22, wato titin da za mu sauka, ta ce titin a jiƙe yake, iska kuma daga hagunmu take, ta taso ta lafa ta sake tasowa. Mun yi lissafi iskar ba ta wuce iyakar da aka yarda a sauka ba, titin ma ya haura mita 3,600.

Saukar kanta lafiya lau, na dasa tayoyin da ɗan ƙarfi yadda ake so in da ruwa, na ja ribas, wato na juya ƙarfin injin don ya rage wa jirgin gudu. Ko daƙiƙa huɗu ba a yi ba iska ta maki wutsiyar, hancin ya karkata hagu, jirgin kuma gaba ɗayansa yana sulalewa dama, fitilun gefen titi na matsowa ta tagata. To nan fa na tafka abin da har yau yake ci mini rai, na ƙara ribas na danne birki.

Wallahi na san ba haka ake yi ba, na karanta, an tambaye ni a jarabawa na amsa daidai. In hanci ya karkace, ƙarfin ribas ba baya kaɗai yake jan jirgi ba, har da gefen da iskar ke tura ka, birkin kuma yana cinye ɗan riƙon da ya rage wa taya, ita kuwa taya in iskar cikinta ta kai psi 200 (ma'aunin matsin iska) tana iya hawa kan ruwa ta daina taɓa titi tun daga gudun wajen not 125 (ma'aunin gudun jirgi), mu ko muna kusa da 130. Ni da hannuna na taya iskar.

"Na karɓa, ɗaga ƙafarka!" in ji Kyaftin. Ya mayar da ribas ƙasa can, ya saki birki, abin da a lokacin nake gani kamar ganganci, sai ga tayoyin sun kama ƙasa, jirgin ya dawo tsakiya, ya miƙar da hancin da fedar ƙafa mai juya jirgi sannan ya sake jan ribas. Alhamdulillah ba mu taɓa ciyawa ba, amma na san tayar dama ta kusa.

Shi ya sa duk ƙaramin matuƙin da ya zauna kusa da ni yanzu nake ce masa tun muna sama ya faɗa da bakinsa: in jirgi ya zame, rage ribas, saki birki, dawo tsakiya. Kuma in iskar ba ta kwanta maka a rai ba ka tashi ka sake zagayowa tun ba ka taɓa ribas ba, don in ka ja shi ba maganar tashi kuma.

Da muka kashe injin na ce ranka ya daɗe ka yafe ni, ya ce ɗana, rubuta rahoton da kanka, kar ka cire zancen ƙara ribas ɗin. Na rubuta. Bayan sati uku na roƙa aka maimaita mini yanayin a simileta, na'urar koyon tuƙin jirgi, har sau shida, kuma a zagayen farko hannuna ya sake kai wa ribas.