Tafiyarmu Reggio Emilia da abin da ya yiwu a ajin nazare bayan mun dawo

Tun da muka dawo ake ta tambayata wai me muka je yi Italiya mu da ko NCE ɗin ba mu gama ba, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya ji. Kwas ɗin ECCE nake yi, wato koyar da ƙananan yara kafin firamare, wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin wasu daga cikinmu tare da lakcarorinmu muka je ziyarar karatu a Reggio Emilia, wani gari ne a arewacin Italiya tsakanin Parma da Modena. Garin ba wani babba ba ne amma malaman yara daga ko'ina a duniya can suke tururuwa.

Tarihin wurin shi ya fara kama ni wallahi. A 1945 da aka gama yaƙin duniya na biyu, mutanen wani ƙauye Villa Cella suka sayar da tankar yaƙi da dawakai da motocin da sojojin Jamus suka gudu suka bari, da kuɗin suka fara gina wa 'ya'yansu makaranta da hannunsu, mata ne ma a gaba. Wani matashin malami Loris Malaguzzi ya ji labari ya hau keke ya je ya gani, shi ke nan ya zauna tare da su. A 1963 hukumar garin ta buɗe makarantarta ta farko ta 'yan shekara 3 zuwa 6, a 1971 aka ƙara da gidan rainon jarirai. Shi Malaguzzi ya rasu a 1994, cibiyar da muke zuwa lacca sunansa aka sa mata, da can ma sito ne na ajiye cuku.

Da safe lacca da tafinta, da rana a rarraba mu makarantu. An hana ɗaukar hoto a cikin makarantun, kuma ni dai na ga amfanin hakan, don da waya ta koma jaka sai ido da kunne suka buɗe, biro da littafi kawai.

Akwai abin da na gani da har yanzu yake min yawo a kai. Wasu yara 'yan shekara 4 sun zagaye tebur mai fitila a ƙasansa, an raba kabeji biyu an ajiye, suna ta musu a kan layukan da ke ciki, wani ya ce hanyoyi ne, wata ta ce a'a gashi ne ya cukurkuɗe, malamar tana gefe a kan 'yar kujera tana rubuta duk abin da suka faɗa kalma da kalma, ba ta ce wa kowa ka yi daidai ko ba haka ba ne ba, sai dai can ta jefa tambaya ɗaya ta sake yin shiru. Ni da aka saba min da malama ta faɗa aji ya amsa da ƙarfi, sai da na ji kamar in tashi in taya ta koyarwa. Da yamma suka nuna mana yadda suke zama da waɗannan rubuce-rubucen da zanen yaran, su tattauna, daga nan ne aikin gobe yake fitowa. Bangon makarantar duk maganganun yara ne da zanensu, uba ya zo ɗaukar ɗansa sai ya tsaya ya karanta abin da yaron ya ce game da kabeji.

Kada wani ya ce min ba harkar kuɗi ba ce, harkar kuɗi ce mana. Malamai 2 ne a aji ɗaya, yaran wajen 25, kuma malaman nan su ke tafiya da yaran har shekara 3 ba a canja su. Kowace makaranta tana da ɗakin zane da gine-ginen yumɓu da malamin da ya karanci fasaha, kicin a fili yara suna ganin masu girki, hukumar gari ce take zuba kuɗi. Mu ajin da na yi TP, wato koyarwar gwaji ta ɗaliban malanta, yara sun haura 60, ni da wata inna mai raino kawai. Duk wanda ya dawo ya ce zai kwafo tsarin nan sak yaudarar kansa yake, su ma masu abin sun sha nanata mana cewa ba a kwafa, kowa ya je ya duba garinsa.

Inda na samu ƙwarin gwiwa shi ne Remida, wata cibiya da suka buɗe a 1996 inda masana'antu suke kawo ragowar kaya, ƙyalle da kwali da roba da waya, a jera su tsaf malamai su zo su ɗiba. Ai yaranmu sun daɗe da wannan ilimin, motar gwangwani, 'yartsanar kara, shanun laka da damina, sai dai a gida suke yi, da an shigo makaranta a ce ƙazanta ce a wanke hannu a ɗauki fensir.

Da na koma TP sai na roƙi telan unguwarmu ƙyallaye, na tara marafan kwalba da kara. Ba zan iya da yara 60 lokaci ɗaya ba, don haka nakan ɗebi 6 ko 8 mu zauna a baranda, Inna ta riƙe sauran da waƙa. Rannan na tambaye su ina ƙadangare yake kwana, jama'a ku zo ku ji magana, wata yarinya da tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba ta ce a bayan agogon kakarta yake kwana don can ne ake jin ɗumi, har ta gina masa ɗaki da kwali da ƙofa biyu wai saboda kyanwa. Na rubuta na manna a bango da Hausa yadda ta faɗa.

Wahalar tana wajen iyaye. Sun biya kuɗin makaranta suna son ɗan shekara 3 ya dawo da aikin gida yana rera ABC, ban ga laifinsu ba, haka aka nuna musu karatu yake. Kuma ni ban raina hadda ba, da ita muka tashi a Islamiyya kuma ta yi mana rana, abin da nake cewa kada ta cinye ranar yaro dukka.

Masu shirin irin wannan tafiyar, a fara neman biza da wuri sosai, a tafi da rigar sanyi, kuma a riƙa tambayar abin da ke cikin abinci don yankin nan da naman alade aka san shi, har wani burodinsu mai ganye erbazzone da kitsen alade aka saba yin shi. Sannan kowa ya tafi da tambayarsa guda daga ajinsa, waɗanda suka je da tambaya su suka fi ƙaruwa a cikinmu. Masu zaɓen 'yan tafiya kuma don Allah a duba waɗanda da gaske aji za su koma. Zango mai zuwa na nemi hedimasta ya ba ni minti 20 a taron iyaye, in karanta musu maganganun 'ya'yansu su ji da kunnensu.