Yadda nake tantance duwatsun da suka samu daga narkakken dutse

Kafin in ce uffan a kan kowane dutse, sai na fasa shi da guduma. Bayansa ba abin yarda ba ne, ruwa da rana sun riga sun sauya masa kama. Basal, wani dutse baƙi ƙirin, yakan koma ja-ja kamar marmara saboda ƙarfen cikinsa ya yi tsatsa, ma'adinin da ake kira felsfa kuma ya rikiɗe ya zama farar ƙasa. Sabuwar fuskar da guduma ta buɗe ita nake jiƙawa, in duba da gilashin hannu mai ƙara girma sau 10.

Girman ƙwayoyi nake fara lura da shi, domin shi ke nuna inda dutsen ya huce. Narkakken dutsen da ya maƙale can ƙarƙashin ƙasa a hankali yake sanyi, shekaru dubbai, sai ƙwayoyin ma'adinai su samu sukunin girma har ido ya rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Haka giranit ɗin Kufena a Zariya yake, mai shekara wajen miliyan 600. Wanda kuwa ya malalo daga dutse mai aman wuta da zafin digiri 1,000 zuwa 1,200 a ma'aunin Celsius, nan da nan yake daskarewa. Ƙwayoyinsa ba sa ganuwa, kuma sau da yawa akwai 'yan ramuka inda gas ya kuɓuce. Irinsa ne basal na tudun Biu da na Kerang kusa da Panyam. In na ga manyan ƙwayoyi jefi-jefi cikin lallausan jiki, to sanyi biyu ya yi: ya fara a zurfi, ya ƙarasa a sama.

Daga nan sai ma'adinai. Kwaz toka-toka ne mai ƙyallin gilashi, taurinsa 7 a ma'aunin tauri na 1 zuwa 10, wuƙar ƙarfe ba ta karce shi. Felsfa fari ne ko ruwan hoda, yana tsagewa sumul, in an karkata shi a rana ya yi walƙiya. Baƙar maika kuwa bakin wuƙa ke ɓare ta falle-falle. Ba na kiran dutse giranit sai kwaz ya kai kashi 20 cikin ɗari. In felsfa ya cika shi, kwaz bai kai kashi 5 ba, yawanci sayanait ne.

Ainihin rabon yana bin yawan silika, wato sinadarin da ya samar da kwaz. Giranit da rayolait sinadarinsu ɗaya ne, silikarsu duka ta haura kashi 63, wurin hucewa kawai ya raba su: giranit a zurfi, rayolait a sama. Haka gaburo da basal, masu kashi 45 zuwa 52. Tsakaninsu akwai dayorait da andisait.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne launi. An saba cewa mai haske ya fi silika, amma akwai rayolait mai duhu da sabon shiga zai rubuta basal. Sai kuma nais, wanda ma'adinansa irin na giranit ne, amma zafi da matsi sun jera su layi-layi, don haka ba ya cikin rukunin duwatsun da suka samu daga narkakken dutse. Shi ya sa nake zagaya falalen dutsen gaba ɗaya, ban tsaya kan gutsure ɗaya ba.

Shekaru kam hannu ba ya gane su. Sabon giranit na Jos da Riruwai, mai ɗauke da kuza, bai kai rabin shekarun na Kufena ba, amma a ido suna iya kama da juna. Duk gutsuren da na yi shakka a kansa, musamman mai lallausan jiki, nakan rubuta masa lamba da wurin da na ɗauko shi, a yanka shi siriri zuwa kaurin milimita 0.03, a duba a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji.